Samarin Zangon Agege Na Jiran Wanda Zai Rubuta Labarinsu

Duk wanda ya san Agege ya san cewa Hausawa ba baƙi ba ne a wurin. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano fatake suka riƙa sauka a nan suna sayen goro a gonakin Yarbawa, su ɗaure shi huhu-huhu su ɗora a jirgi zuwa Arewa. Daga cinikin goro aka koma na shanu, aka yi aure, aka hayayyafa, har Zango ya zama gari mai sarkinsa da limamansa da makarantun allonsa. Yau akwai samarin da kakanninsu ma a Agege aka yanke musu cibiya.

To, amma a wane littafi aka taɓa ba da labarin waɗannan samari? Mutum ya duba tulin littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano, zai ga soyayya da kishi da rikicin gado, kusan duka a Kano ko Kaduna ko Abuja. Ikko kuwa wuri ne kawai da Alhaji yake zuwa ya sauke kaya a tashar jirgin ruwa, ya dawo wa amarya da tsaraba.

Ba wai adabinmu bai san birni ba. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya tafi birni ya faɗa hannun miyagun abokai. A 1982 kuma aka fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Abin mamaki, a nan Ikko aka buga su. Sai dai marubutanmu sun fi ɗaukar birni tamkar tarko, wurin da ɗan kirki yake zuwa ya lalace. Wannan gargaɗi ne ga baƙo. Ina amfaninsa ga yaron da birnin ne mahaifarsa, ba shi da wani ƙauyen da zai tuba ya koma?

Yaron Zango yana tashi da harshe uku a bakinsa. Da asuba Hausa ce a gaban malamin allo, da hantsi Yarbanci a makarantar boko, da yamma kuwa Turancin buroka a filin ƙwallo. Babban amininsa yana iya zama Bayarabe, sun ci burodin Agege da wake a kwano guda, uwar wannan tana aiken wancan. Idan sun kawo ƙarfi hanya ta rabu: ɗaya ya bi ubansa mayankar Oko-Oba, ɗaya ya shiga kasuwar gwari ta Mile 12 yana sauke tumatir da albasa, wani ya hau acaɓa. Shi wannan na ƙarshe sana'arsa ta shiga garari tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a 2022.

A duba kalmar nan ta "aboki". A Hausa babu abin da ya fi ta daɗi. A titin Ikko kuwa ta zama sunan da ake kiran kowane ɗan Arewa da shi, mai gadi ne ko mai wankin takalmi, sau da yawa cikin raini. Yaron da aka haifa a Agege, wanda ya fi mai kiran nasa iya karin maganar Yarbanci, shi ma "aboki" ne. In kuma ya je Kano bikin dangi, sai a yi ta dariyar Hausarsa, a ce ɗan Ikko ne. Marubucin da ya rasa abin faɗa a nan, gara ya ajiye alƙalami.

Abota kuma a irin wannan wuri ba wasa ba ce. An yi tashin hankali tsakanin Hausawa da Yarbawa a Ketu a 1999, aka sake yi a Idi-Araba cikin Fabrairun 2002, aka kuma yi a Mile 12 cikin Maris na 2016, kowanne da asarar rayuka. Jaridu sun ƙidaya gawarwaki da shagunan da aka ƙone. Abin da ba su iya ƙidayawa shi ne halin da abokai biyu suke shiga a irin wannan dare, da yadda suke duban juna idan gari ya waye. Wannan aikin mai ƙagaggen labari ne.

Wasu sun yi nasu tuntuni. Baƙaƙen fatar Amurka suna da littafin Claude Brown na 1965 a kan tasowarsa a unguwar Harlem. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya zana rayuwar birni a People of the City tun 1954. Elnathan John ya matso kusa da mu a 2015 da Born on a Tuesday, inda almajiri Ɗantala ya ƙulla abota a Sakkwato da Jibril, yaron da ya zo daga Ilori. Amma duka da Turanci ne, kuma babu Zango a cikinsu.

Kada a ce rashin maɗaba'a ne. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su jira babban kamfani ba, su da takwarorinsu na Kano da kansu suka riƙa buga littattafansu suna kaiwa kasuwa. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, domin 'yan mata da yawa a waya suke rubuta labari su rarraba ta WhatsApp. Abin da za a roƙi wanda zai fara daga Agege shi ne kada ya wanke bakin yaran ya mai da shi Hausar Kano. Ya bar su su yi magana yadda suke yi a gindin gadar Pen Cinema, da Yarbancin da ya cakuɗa a ciki.