Kasafin tsaron Najeriya da na Nijar: lissafin da ba ya isowa Manga

Tun da Shugaba Tinubu ya kai kasafin 2025 gaban majalisa, inda ya ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, ake ta jera wannan adadi kusa da abin da Nijar ke kashewa, ana cewa mun yi wa maƙwabta fintinkau. Wannan lissafin dokin rano ne.

A daftarin kasafin 2024 an ware wa tsaro naira tiriliyan 3.25, an kuma gina daftarin a kan dala ɗaya naira 750. Na 2025 an gina shi a kan naira 1,500. Wato kuɗin ya ƙaru da kusan rabi a naira, amma a dala ya sauko daga kimanin biliyan 4.3 zuwa 3.3, alhali da dala ake sayen jiragen yaƙi da kayan gyaransu. Sefar Nijar kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta irin wannan faɗuwa. Haka nan Nijar, duk da talaucinta, ta daɗe tana ba soja kaso mafi girma na arzikin ƙasarta fiye da Najeriya, wadda a mafi yawan shekaru ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Inda ƙasashen biyu suka yi kama shi ne hanyar da kuɗin ke zurarewa. Mu muna da shari'ar dala biliyan 2.1 na makamai da ta taso a 2015 kan ofishin Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Su kuma binciken ma'aikatar tsaronsu na 2020 ya gano kusan sefa biliyan 76 da suka salwanta a kwangiloli.

Amma akwai kuɗin tsaron da ba ya shiga kowane jadawali, kuma mutanen Manga da sauran ƙasar Zuru sun fi kowa saninsa. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin Dakarkari, mutanen yankin, aikin soja, saboda juriyar da suka koya a golmo, noman shekaru da saurayi ke yi a gonar surukai kafin a ba shi mata. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsohon soja ko matar wanda bai dawo ba. Ƙasar Zuru ce ta fitar da Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, da Manjo Janar Muhammad Sani Sami wanda ya hau gadon sarautar Zuru bayan ya ajiye kaki.

To, a wannan masarauta ce, cikin Maris 2022, 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Manoma ne da bindigogin harbi-ka-ruga. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan haka aka kashe sojoji a Kanya, a tawagar mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe Dabai, shi ma tsohon kanar. Duk wannan bayan shekarar da cibiyar SIPRI ta ce Najeriya ta kashe wa soja dala biliyan 4.5, shekarar da jiragen Super Tucano 12 suka iso.

'Yan majalisar da ke wakiltar Kebbi ta Kudu su daina tafa wa tiriliyoyi. Su nemi a faɗa musu nawa aka saki daga abin da aka ware, sojoji nawa aka girke tsakanin Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba, da kuma watanni nawa matar soja ke jira kafin haƙƙin mijinta ya fito.