Kuɗin Tafiyar Aiki da Harajin Jiha a Amurka

'Yan'uwa, wasu daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane mai aiki a Amurka, kuma da zarar watan Afrilu ya gabato sai mu fara jin kukan haraji. A can ma'aikaci yakan cika takardar haraji biyu kowace shekara, ɗaya ta gwamnatin tarayya, ɗaya ta jiha, in dai jiharsa tana karɓar harajin albashi. Abin da za mu duba yau shi ne kuɗin da mutum ya kashe daga aljihunsa wajen tafiyar aiki, masu aikin kuwa ba su mayar masa ba.

A da, gwamnatin tarayya takan yarda a cire irin wannan kuɗi daga albashi kafin a yanka haraji. Dokar da aka kafa a 2017 ta dakatar da wannan sauƙi ga yawancin masu albashi tun daga 2018, sa'an nan a 2025 majalisa ta soke shi ɗungum. Da jin haka mutane da yawa suka daina ajiye rasit. Nan ne asarar take, gama ba dukan jihohi suka bi sawun tarayya ba. Kalifoniya, Niyok, Pensilbaniya, Minesota, Alabama, Akansas da Hawai suna cikin waɗanda suka bar ƙofar a buɗe.

Amma kowace jiha da nata mudu. A ce ga nas mai bin majinyata gida gida da motarta, ta yi tafiyar mil 5,000 a 2025. Farashin da hukumar haraji ta tsayar a shekarar shi ne santi 70 kowane mil, wato dala 3,500 ke nan. A Pensilbaniya za ta cire dukan kuɗin, kuma da yake harajin jihar kashi 3.07 cikin ɗari ne, za a rage mata kamar dala 107. A Kalifoniya kuwa sai abin da ya haura kashi 2 cikin ɗari na samunta. In samunta dala 60,000 ne, dala 1,200 na farko ba ya shiga lissafi, saura 2,300. Wannan ma sai ta zaɓi ta jera kashe-kashenta ɗaya ɗaya, maimakon rangwamen bai ɗaya da ake ba kowa.

A lura, zuwa wurin aiki daga gida da komowa ba ya cikin lissafi. Abin da ake ƙirgawa shi ne tafiya tsakanin wuraren aiki, da kuɗin jirgi da masauki sa'ad da aiki ya kai mutum kwana a wani gari. Sai a riƙe ɗan littafi a mota, a rubuta rana, wuri, dalili da yawan mil. Kada a ƙara ko mil ɗaya bisa gaskiya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar bincike kuwa rasit ake tambaya.

Duk da haka, ku dubi dala 107 kusa da dala 3,500. Rangwamen haraji ba ya mayar da abin da ya fita. Shi ya sa ya fi kyau ma'aikaci ya fara neman haƙƙinsa wurin masu aikin. A Kalifoniya da Ilinoi doka ma ta wajabta musu su biya abin da aikinsu ya ci. In kun yi waya da naku a can, ku tambaye su ko sun nema.