Kafin Alhaji ya miƙa makullin tsohuwar jif

Ba baƙon abu ba ne ɗan ƙasar Tambuwal ko Kebbe da Allah ya buɗa wa a Sakkwato ko Abuja ya sauya motar iyali, tsohuwar jif ɗin nan mai kujeru layi uku ta zauna a gareji tana shan ƙura, sai ya ce maimakon dillalai su yi mata tayin wulaƙanci gara ya aika da ita gida. A ba 'yan agaji, ko makarantar Islamiyya, ko ƙaramin asibitin gari. Niyya ce mai kyau, kuma buƙata tana nan. Duk wanda ya san hanyoyin da ke shiga Fakku da Kuchi da Girkau da Margai idan damina ta zauna ya san ƙaramar mota ba ko'ina take kai mutum ba. Tun 1994 masana lafiyar mata suka bayyana jinkiri iri uku da ke halaka mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar nan maganar abin hawa ce tsantsa. Matar da jini ya ɓalle mata ƙarfe biyun dare, a ɗora ta bisa babur, miji a gaba, uwa ko ungozoma a baya tana tallabe da ita, ita ta san darajar mota mai tashi daga ƙasa wadda za a kwantar da kujerun baya a shimfiɗa katifa.

Sai dai mota kyauta ce mai baki, kullum sai ta ci. Manyan jif irin su Sequoia da Land Cruiser masu silinda takwas, in suna cikin ƙoshin lafiya, kilomita 6 ko 7 suke yi da lita ɗaya. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, wato kai majinyaci asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a dawo zai lashe wajen lita 30, ba a ma sa tazarar Fakku zuwa bakin kwalta ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. Ga juyen baƙin mai wanda ba ya kasa lita 6, ga tayoyi huɗu da safaya, ga batir. In kuma ƙirar Amurka ce, Ford ko Chevrolet, ɗan ƙarfen da ya lalace sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, bakanike yana zaune yana jira. Kwamitin da kuɗin shigarsa karo-karon Juma'a ne ina zai kai wannan?

Ƙarshen labarin ba ɓoyayye ba ne. Wata uku ana ta sa albarka, na huɗu giya ta fara ƙin shiga, sai a tura ta gindin dogon-yaro. Tayoyi su sace, a ɗora ta kan duwatsu, wani ya ari batir bai mayar ba, kaji su mayar da ƙarƙashinta akurki, sunan mai kyauta kuwa yana nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa.

Abin ya taɓa faruwa da wanda ya fi mu. Ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Sayyidina Umar ya ba wani mutum doki saboda Allah, mutumin ya kasa kula da shi har ya lalace. Umar ya so ya saye shi, yana zaton zai samu da araha, Annabi (SAW) ya hana shi ko da dirhami ɗaya za a sayar masa. Malamai sun fi tsayawa kan hukuncin, wato ba a komawa cikin sadaka. Ni kuwa rabin farko ne ke ɗaukar hankalina: dokin ƙwarai, mai bayarwa na ƙwarai, amma ya faɗa hannun da ba zai iya riƙonsa ba, kuma ba damar a karɓo. Tunanin sai a yi shi tun makulli yana aljihu. Kada kuma a manta da aya ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya tsamo mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai bayar. Motar da injinta ya buga, aka rasa mai saye, ba ta zama sadaka don kawai an rubuta mata "Fisabilillahi".

Sannan a fayyace: kyauta ce ko waƙafi? In kyauta ce, ta zama dukiyar wanda aka ba, ya ga dama gobe ya sayar. In waƙafi ne, asalinta a tsare yake, amfaninta ake ci. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda a yi waƙafin abin da ke motsi, har ma na ƙayyadadden lokaci, saboda haka mutum na iya cewa ya tsayar da motarsa shekara biyar don ɗaukar marasa lafiya. Amma akwai sharaɗin da ake yawan tuntuɓe da shi, na karɓa a hannu. In mai bayarwa ya faɗa da baki kawai, mota tana gidansa har ya rasu, ko cutar ajali ta kama shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa, maganar ta rushe, mota ta koma cikin abin da ya bari. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukanmu, ta kuma kawo mafita ga ranar tsufa: dokin waƙafi in ya daina amfani ana sayar da shi a sa kuɗin cikin irinsa. Ke nan jif ɗin waƙafi da ta gagari gyara ba a barin ta ta ruɓe don tsoron zunubi.

A ganina ma sau da yawa a fara da sayarwar ya fi. Kuɗin babbar jif ɗaya na iya sayen ƙaramar mota doguwa mai sauƙin mai wadda kowane bakanike a Tambuwal ko Jega ya san cikinta, a rage abin ajiyewa don gyara. A Amurka, inda ba da tsohuwar mota ga ƙungiyoyin jinƙai ya zama ruwan dare saboda rangwamen haraji, akasarin motocin gwanjonsu ake yi. Can ma ba a tsira ba. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisarsu ya bi sawun motoci 54, ya tarar a kashi biyu cikin uku abin da ya isa hannun ƙungiya bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙimar da mai motar ya rubuta ba, sauran ya tafi tsakanin kambama farashi da 'yan tsakiya. Daga 2005 doka ta ce in ƙimar ta wuce dala 500, galibi kuɗin da aka sayar da ita shi za a lissafa. Mu nan ba haraji muke nema a rage mana ba, amma dillali ko'ina dillali ne, a sayar gaban shaidu.

Wanda ya dage motar ce dai zai bayar, to ya kai ta gareji tukuna, a duba giya da birki da ƙafafu, ya biya da kansa. Ya haɗa da takardar kwastam da lasin da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. A yi canjin mallaka a ofishin lasin, don muddin sunansa ne a takarda, ranar da aka yi hatsari ko aka kama ta da abin da bai dace ba, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda doka ta kafa a 2016, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ana iya neman shawararta a rubuta waƙafin yadda magada ba za su yi jayayya ba. Ya kuma yanka mata abin da za ta ci: kuɗin wata-wata, ko hayar shago ɗaya, ko amfanin wata gona. Hotonsa a jikin gilashi ba dole ba ne, balle shekarar zaɓe.

Saura direba. A zaɓi mazaunin garin, mai lasin, wanda wayarsa ba ta kwana a kashe, a yanka masa ɗan alawus. A ajiye littafi a motar, kowace fita a rubuta inda aka je da man da aka sha. Tun ranar farko kuma, gaban hakimi da liman, a faɗi abin da ba za ta yi ba, ko ɗaukar amarya ne ko kai buhunan gero kasuwa, a kuma faɗi wanda makulli zai kwana a hannunsa.