Kofi Kaɗai Ba Ya Auna Koci

Shekara uku a jere, 1995, 1996 da 1997, Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Najeriya, kuma duk ukun ta dawo gida hannu rabbana. Shooting Stars ta Ibadan ce ta fara doke ta, sai Julius Berger ta Legas, sannan Eagle Cement ta Fatakwal. Wanda ya buɗe kundin tarihin kofin a yau ba zai ga sunan Katsina cikin waɗanda suka ɗaga shi ba. Amma kulob ne daga jihar da aka ƙirƙiro a 1987, ya ratsa manyan ƙungiyoyin ƙasar nan har sau uku ba hutu. To, mutanen da suka horar da waɗannan 'yan wasa, nasara suka yi ko faɗuwa?

A gidajen kallo na Katsina, a Ƙofar Ƙaura, Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa, irin wannan shari'a ba ta cin minti biyar. Tambaya ɗaya ce ake jefa maka: "Me ya ci?" In ka lissafa kofuna, ka tsira. In ka fara kame-kame, an gama da kai da kocin naka. Ban raina wannan tambaya ba, domin don a ci ake buga ƙwallo, kuma babban kulob da ya daina jin yunwar kofi ya fara mutuwa. Sai dai tana barin abubuwa da yawa a waje, kuma galibi abin da ta bari shi ne ainihin aikin koci.

Mu fara da kofin kansa, domin kofi suna ya tara. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 2018 a Asaba, Kano Pillars ƙarƙashin Ibrahim Musa ta zura wa Rangers ta Enugu ƙwallo uku ba ko ɗaya. Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Shekara ta zagayo, a Kaduna, Pillars ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta ci a bugun fenariti, ta ɗaga kofin karon farko a tarihinta. Koci ɗaya ne, yawancin 'yan wasan su ne dai. Shin a 2018 bai iya ba, a 2019 kuma ya zama gwani? Abin da ya raba shekarun biyu bai wuce ƙafar ɗan wasa ɗaya ko biyu a gaban raga ba. Haka Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea Kofin Zakarun Turai a watan Mayun 2012, abin da José Mourinho bai yi mata ba, alhali a teburin Firimiya ta ƙare ta shida a kakar. Kafin ƙarshen Nuwamba an sallame shi. Babu mai goyon bayan Chelsea da zai ɗora Di Matteo sama da Mourinho, kuma da gaskiyarsa. Gasar sili-ɗaya-ƙwale tana da rabon sa'a mai yawa. Teburin lig, wasa 38 gida da waje, cikin rani da damina, ya fi wuyar yi wa ƙarya.

Amma shi ma teburin yana da abin da yake ɓoyewa, wato kuɗi. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski da ɗan jarida Simon Kuper sun bi lissafin kuloflikan Ingila na shekaru masu yawa, suka nuna cewa in aka ɗauki dogon zango, albashin da kulob yake biyan 'yan wasa shi ke bayyana kimanin kashi 90 cikin 100 na matsayinsa a teburi. Ma'ana, mai biyan albashi mafi tsoka yawanci shi ke sama, ko wa ya zauna a benci. Abin da ya rage wa koci ɗan gefe ne, kuma a wannan gefen ya kamata a neme shi: ina aljihun kulob ya ce ya ƙare, ina kuma ya ƙare? Da wannan ma'auni, lig ɗin da Claudio Ranieri ya ci da Leicester a 2016 ya fi kofunan lig da yawa da aka ci a Faransa ko Jamus da ƙungiyar da ta ninka kowa kuɗi. Wata tara bayan haka, a Fabrairun 2017, Ahmed Musa da Wilfred Ndidi suna kulob ɗin, aka kore shi.

Babu wanda ya fi raba kan majalisa kamar Arsène Wenger, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, tunda da yawa cikin magoya bayan Arsenal na ƙasar Hausa ta dalilin Nwankwo Kanu, wanda Wenger ya saya a 1999, suka shiga gidan. Ya yi shekara 22, daga 1996 zuwa 2018. Ya ci lig uku, a 1998, 2002 da 2004, na ƙarshen ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Ya ci Kofin FA bakwai. Masu sukarsa kuma ba ƙage suke yi ba: daga 2005 zuwa 2014 bai ɗaga komai ba, bai taɓa cin Kofin Zakarun Turai ba, Barcelona ta doke shi 2-1 a wasan ƙarshe na 2006, kuma an yi masa 8-2 a Old Trafford a 2011. Abin da ake tsallakewa shi ne abin da ya faru a tsakani. A 2006 Arsenal ta tare a sabon filin Emirates da bashi mai nauyi a wuyanta, daidai lokacin da kuɗin Roman Abramovich suka shiga Chelsea tun 2003, na Abu Dhabi kuma suka shiga Manchester City a 2008. Wenger ya sayar da Henry, ya sayar da Fàbregas da Nasri, ya sayar da Van Persie ga abokiyar gaba, duk da haka ya riƙe kulob cikin huɗun farko kaka ashirin a jere. A ganina, shekarun da ake yi masa gori da su suna cikin mafi wuyar aikinsa. Kuma a ganina dai, ya zauna ya wuce lokacinsa, domin bayan an samu kuɗin sayen irin su Özil da Sánchez, bai sake haɗa ƙungiyar da za ta ɗauki lig ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai neman hukunci na kalma ɗaya dole ya jefar da ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a iya gani sai koci ya tafi. Manomin da ya gaji gona mai taki zai kwashi amfani shekara biyu ko uku ko bai zuba komai ba, wanda ya biyo bayansa shi zai tarar da ƙasa ta gaji. Alex Ferguson ya ci lig 13 da Manchester United, babu mai ja da wannan. Amma ya tafi a 2013 ya bar ƙungiyar da manyan ginshiƙanta suka tsufa, David Moyes bai cika shekara ba aka sallame shi, kuma aka shafe sama da shekara goma kulob ɗin bai sake ganin kofin lig ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, masu kulob suna da kaso babba, amma tambayar halal ce: ya gina gida, ko shi kansa ne gidan? Jürgen Klopp lig ɗaya tak ya ci a Liverpool, a 2020, bayan jiran shekara 30, har ya taɓa tara maki 97 ya ƙare na biyu. Da ya tafi a 2024, Arne Slot ya ɗauki kusan 'yan wasan da ya tarar ya ci lig a kakarsa ta farko. Wani kaso na wannan kofi na Klopp ne ko da ba a rubuta sunansa a jiki ba. Johan Cruyff ya bar Barcelona a 1996, amma salon da ya dasa shi ne ɗalibinsa Pep Guardiola ya kwashi kofi 14 da shi tsakanin 2008 da 2012.

Ba sai mun je Turai ba ma. Kano Pillars ta ci lig a 2008 da Kadiri Ikhana, ta ci a 2012 da 2013 da Mohammed Baba Ganaru, ta ci na uku a jere a 2014 da Okey Emordi. Ikhana da Emordi ba ƙananan mutane ba ne, su suka ci wa Enyimba Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. To amma in koci ya canza kofi bai daina zuwa ba, sai a tambaya nawa ne na koci, nawa ne na irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed, nawa ne na filin Sani Abacha da baƙo yake shiga gabansa na faɗuwa. Sannan a duba waje: bayan waɗannan kofuna uku na jere, Pillars ba ta kai ko matakin rukuni a gasar Afirka ba, alhali a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wace ƙungiya ce ta fi, mai kofi uku a gida ko wadda ta tsaya wa Al Ahly a Alƙahira? Ni dai ba na yanke wannan da sauri.

Duk wannan awo yana bukatar abu ɗaya da ba mu cika bayarwa ba a nan, wato lokaci. Ferguson ya karɓi United a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofin farko ba sai 1990, lig kuwa sai 1993. A Najeriya da tuni an yi masa wa'adin wasa uku, wannan sanannen hukunci da shugabannin kulob suke yankewa don su kwantar da hankalin magoya baya. Imama Amapakabo ya kawo wa Rangers lig a 2016 bayan shekara 32 tana jira, bai kai ƙarshen kaka ta gaba ba. Shu'aibu Amodu, wanda ya ci kofin Afirka da BCC Lions ta Gboko a 1990 kuma ya ɗaga Kofin Ƙalubale da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ya kai Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2002 da ta 2010, duka biyun aka cire shi kafin a tafi. Sai da ya rasu a Yunin 2016, kwanaki kaɗan bayan Stephen Keshi, aka fara yabonsa da baki ɗaya. Inda aka yi haƙuri kuwa an ga amfaninsa. Stanley Eguma ya riƙe Rivers United tun 2016 kafin ya ci lig a 2022. Remo Stars ta Ikenne, kulob na ɗan kasuwa ba na gwamnati ba, ta bar Daniel Ogunmodede ya yi ta zuwa na biyu har ya ɗauki kofin a 2025.

Yawancin kuloflikanmu, har da Katsina United, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Shugabanni naɗi ne, kasafi yana bin yanayin baitulmali, kuma canjin gwamnati kan zo da canjin hukumar kulob. Koci yakan karɓi aiki da kwantiragin shekara ɗaya, ya tarar an riga an ɗauki wasu 'yan wasa ba da saninsa ba, gwanayen bara kuma sun watse. Tafiya Uyo ko Fatakwal daga Katsina ta haura kilomita dubu, galibi a mota, kuma hanyar ba ta da tabbas: a Maris ɗin 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa. Wanda yake aiki a cikin wannan hali, a auna shi da ma'aunin Guardiola zalunci ne. Amma a ce kuma ba za a auna shi ba sam, wannan ya zama mafakar raggo.

Katsina tana da filin Muhammadu Dikko mai ɗaukar mutum kimanin 35,000, wanda kuloflika da yawa a ƙasar nan za su yi sha'awarsa. Katsina United ta dawo babbar gasa a kakar 2017, ta faɗa ta 'yan dagaji a 2022 tare da Pillars, su biyun suka dawo a 2023. Ga kulob mai irin wannan tarihi, tambayoyin da zan yi wa koci ba su fara da kofi ba. Maki nawa ya ɗebo a waje, inda babu ihun gida, a gasar da cin wasan waje ya daɗe yana wuya? Yaro nawa daga filayen unguwannin Katsina, Funtuwa, Daura ko Malumfashi ya ɗauko ya mai da shi ɗan wasan lig, har aka sayar kulob ya samu kuɗi? In an ci su ƙwallo a minti na goma, ƙungiyar tana da tsarin da take komawa, ko kowa kama gabansa yake? 'Yan wasan da ya tarar sun ƙaru a hannunsa ko sun lalace? Waɗannan ba a ganinsu a wasa uku, ba a ma cika ganinsu a kaka ɗaya ba.

Shi ya sa duk ranar da aka sanar an kori koci a Katsina ko Kano, akwai takarda biyu da ya kamata 'yan jarida da ƙungiyar magoya baya su nema kafin su yi murna ko su yi tir: kwantiragin da ya sa wa hannu, a ga me aka ce ya cimma kuma cikin wane wa'adi, da kuma takardar albashi, a ga ko an biya shi da 'yan wasansa a watannin da ake tuhumarsa da su.