Zauren tagulla a titin North Bridge

Mutanen Singafo suna yi wa ginin Parkview Square laƙabi da Gotham, birnin Batman na fina-finai, kuma duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Bugis ya ɗaga kai zai gane dalili. Bene ne mai hawa 24, an lulluɓe shi da dutse mai ruwan ƙasa da tagulla, ya yi tsaye kerere a tsakiyar gine-ginen gilashi. Baƙo zai rantse tun kafin yaƙin duniya na biyu aka gina shi, alhali a 2002 aka kammala. Attajirin nan ɗan Taiwan, C.S. Hwang, ne ya sa aka yi aikin, masu zanen kuma suka ɗauko fasali daga ginin Chanin na New York, wanda aka gama a 1929 lokacin da salon Art Deco ke tashe.

Tun daga farfajiya masu kamara ke fara tsayawa. An jera mutum-mutumin tagulla na Sun Yat-sen da Abraham Lincoln da Isaac Newton da Salvador Dali da wasunsu, a tsakiya kuma ga gauraka mai ruwan zinariya ta miƙe wuya ta nufi ƙasar Sin.

Amma abin da ke kawo jama'a yana ciki. Zauren ƙasa, wanda a yawancin gine-ginen ofis wurin jiran lif ne kawai, a nan mashaya ce da aka buɗe a 2017. Rufin ya yi nisa har sai mutum ya karya wuya kafin ya ga zanen da ke jikinsa. Ginshiƙai da makaran bene duk an yi musu ado da ƙarfe mai ɗaukar ido, ƙasa marmara da jar darduma, kujerun fata kuwa masu zurfi ne, wanda ya zauna ba ya son tashi. Can a ƙarshen zauren wata hasumiyar kwalabe ta miƙe sama, ɗauke da nau'in barasar jin fiye da dubu daga ƙasashe daban-daban. Kafin 2017 ruwan inabi ake ajiyewa a cikinta, kuma wata ma'aikaciya mai fukafukan ado ce ake ɗagawa da igiya ta ɗauko kwalba. Yanzu an daina wannan wasan, hawa ake yi a ɗauko.

Wurin ba ya ba da hotonsa da arha. Fitilun duk rawaya ne kuma an rage musu ƙarfi, saboda haka waya takan mayar da fuskar mutum kamar an shafa masa kurkum, ko ta haske hasumiyar ta bar sauran zauren cikin duhu. Gilashin kamara mai faɗi yakan kwaso rufi da ƙasa gaba ɗaya, sai dai da zarar an ɗaga bakinsa sama ginshiƙan sun karkace, sun jingina da juna. Waɗanda suka san aikin sukan ja da baya, su riƙe kamarar daidai da ƙirji, su yarda su yanke wani abu daga baya. Wasu kan dafa gwiwar hannu a kan tebur don kada hoton ya yi rawa, tunda ƙarancin haske yana sa kamara ta daɗe kafin ta rufe ido. Wanda ya samu damar hawa barandar sama shi ya fi kowa riba, domin daga can ne ake ganin yadda aka tsara kujerun da zanen da ke ƙasa.

Da rana aka fi samun sararin yin haka. A lokacin shayi da kofi da kayan maƙulashe ne a kan tebura, ga kuma haɗin lemo marar barasa ga wanda ba ya sha. Irin waɗannan baƙi ba su da wuyar gani a unguwar, don Masallacin Sultan da titin Arab tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Daga ƙarfe 5 na yamma dokar sutura ke fara aiki, mai gajeren wando da silifa sai ya haƙura. Ma'aikatan ofisoshin sama su sauko, hayaniya ta ƙaru, masu haɗa abin sha su shiga girgiza gwangwani da ƙanƙara ba ɗaga kai.

A wannan lokacin ne ladabin mai kamara ke bayyana. Mutumin da ya biya kuɗin kujerarsa bai zo don ya fito a hoton baƙo ba, ma'aikacin da ke ɗauke da faranti cike da kofuna kuma yana buƙatar hanya. Abin yana da ɗaci ganin wani ya tare tsakiyar zaure yana maimaita tsayuwa ɗaya, bai ko kalli aikin maƙeran da ke saman kansa ba.

Akwai masanan gini da ke ganin Parkview Square tsufan aro ne kawai, kwaikwayon zamanin da Singafo ba ta rayu a cikinsa haka ba. Suna da hujja. Sai dai kwaikwayon an kashe masa kuɗi da lokaci, an yi shi da dutse da ƙarfe na gaske, shi ya sa yake jure kallon kusa. Masu shirin talabijin na Westworld ma, da suka zo Singafo neman wuraren da za su nuna duniyar nan gaba a zangonsu na uku da ya fito a 2020, wannan zaure na cikin inda suka kafa kamarorinsu.