Taushin dutse ba rauni ba ne

Da yawa daga cikinmu sun tafi a kan cewa nagartar dutse tana ga taurinsa, wanda kuwa farce ya iya yi wa zane sai dai a ajiye shi don kwalliya. Suna da hujjarsu. Wanda ya tashi yana ganin dutsen niƙa da na wasa wuƙa, dole ya riƙa auna kowane dutse da su. Kuma gaskiya ne, dutsen sabulu, ɗaya daga cikin masu taushin nan, ba zai niƙa gero ba, sai dai ya cika garin da ƙurarsa. Akasarinsa ma'adinin talk ne, wanda ake yin hodar jiki da shi, kuma babu ma'adinin da ya kai shi taushi.

Inda na saɓa da su shi ne, ba gogayya kaɗai ke kashe dutse ba. Akwai ruwa, akwai tsami, akwai wuta, kuma a nan ne wannan dutse ya yi wa masu tauri fintinkau. Ɗiga ruwan lemun tsami a kan marmara, za ka ga tabo. Shi kuwa ko a jikinsa, shi ya sa aka daɗe ana shimfiɗa shi a teburan ɗakunan gwaje-gwajen sinadarai. Ruwa ma da ƙyar yake ratsa shi. Babban mutum-mutumin da ke kan tsaunin Corcovado a birnin Riyo na Brazil, wanda aka kammala a 1931, kankare ne aka lulluɓe da ƙananan falalen dutsen sabulu don su tare masa ruwan sama da iskar teku.

Batun wuta ya fi burge ni. Yana shan zafi a hankali, ya riƙe, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan ba tare da ya tsage ba. A Finland ana gina murhun ɗumama ɗaki da shi: a hura itace da yamma, wutar ta mutu, bangon murhun ya kwana yana ɗumama gida. A jihar Minas Gerais ta Brazil kuwa tukunyar girki ake sassaƙawa da shi, wake ya daɗe a ciki bai huce ba. Masu walda ma da shi suke shata ƙarfe, domin zafi ba ya share zanen.

Mai shakkar daɗewarsa ya leƙa garin Esie a jihar Kwara. Ɗaruruwan mutum-mutumin dutsen sabulu da aka tarar a cikin kurmi suna nan a gidan tarihin da aka buɗe a 1945, na farko a Najeriya. Da yawa sun karye, amma har yanzu ana iya bambance kitso da sarƙoƙin wuyan da masassaƙan suka fitar.