RUWAN DA BIRNI YA ZUBAR, SHI MUTANEN WASAI KE NOMA DA SHI

Daga Wakilinmu

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya bi Kogin Jakara tun daga tushensa a cikin birnin Kano har zuwa madatsar ruwa ta Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, zai tabbatar da gaskiyar wannan magana, domin kuwa launin ruwan da warinsa su ne za su fara ba shi labarin inda ya biyo.

Kamar yadda masu karatu suka sani, yawancin unguwannin Kano ba su da manyan bututun ƙarƙashin ƙasa masu kai ƙazamin ruwa wurin tacewa. Saboda haka ruwan wanka da na wanki da abin da ke tsiyayowa daga masai, duk kwata suke bi su faɗa Jakara, haka ma jini da tumbi na mayanka. Can gaba kuma sai rafin Getsi ya zo ya haɗe da shi, ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, musamman na majemu.

An kammala madatsar Wasai a shekarar 1976, cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Bako, da nufin bunƙasa noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. To, amma madatsa tamkar tukunya ce, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. A gefen wannan kogi ne manoma ke shuka latas da kabeji da alayyafo da tumatir, su kai kasuwannin birni. Ke nan dattin da birni ya kora ƙauye yakan komo masa cikin kwandon kayan miya.

Masana sun kasa wannan datti kashi biyu. Na farko shi ne mai ruɓewa, wato na gidaje da mayanka, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin cututtuka irin su kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki. Idan yana ruɓewa yakan cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya rasa abin shaƙa. Maganinsa ba boyayye ba ne: a tara ruwan a tafkuna jere, laka ta kwanta a na farko, rana da ƙananan halittu su cinye saura a na gaba, kana a sake shi. Zafin ranar ƙasarmu ma taimako ne ga wannan aiki.

Na biyu shi ne wanda ba ya ruɓewa, kamar sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Wannan yakan kwanta cikin laka da ƙasar gona shekara da shekaru, ya shiga jikin ganye da kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha. Tilas a cire shi tun a harabar masana'anta, kafin ya gauraya da ruwan gari.

Ba a rasa doka ba. Bayan an gano shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekara. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli. Abin lura shi ne, ko ruwan da aka ce an tace sai an riƙa auna shi a bakin bututu a kai a kai, domin injin tacewa da ba a kunna ba daidai yake da babu.

Hana manoma ɗibar ruwan ba shi ne mafita ba, tun da shi ne abincinsu da rani, ga shi kuma yana rage musu kuɗin taki. Abin da ya kamata shi ne hukumomi su gyara ruwan daga sama, su riƙa bayyana wa jama'a sakamakon awo, su kuma hukunta mai laifi komai girmansa. Mu ma masu saye, mu wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, mu daina mai da magudana juji. Mutanen Minjibir ba su ɓata ruwan nan ba, bai kamata a bar su su kaɗai da ɗaukar nauyinsa ba.